Ciwon ƙodar da ke bin ɗaki ɗaya ya bar ɗaya

A wani gida da na sani a Argungu an daɗe ana raɗe-raɗin cewa an yi wa ɗakin uwargida asiri. Ita uwargidar ta rasu tana da shekara 50 da 'yan kai, ƙafafu a kumbure, ciki ya yi tulu, ga amai ba ƙaƙƙautawa. Yayanta namiji ma haka ya tafi, amma da yake a Yawuri yake zaune, ba wanda ya haɗa mutuwarsa da tata. Bayan shekaru babban ɗanta ya kwanta da irin wannan ciwo, shi ma bai tashi ba. 'Ya'yan amarya kuwa, su bakwai, garau suke. To me kake so mutanen unguwa su ce? Mahaifiyata ta dawo daga zaman makokin ɗan tana ba mu labarin wata tsohuwa da ta kada baki ta ce, "Wanga ciwo ba na asibiti ba na, hannu aka sa musu." Ba ta kama suna ba, amma duk matan da ke wurin sun san ɗakin da take nufi.

Autan uwargidar nan abokina ne, malamin makaranta. Yana da shekara 38 ya faɗi da babur, ba wani faɗuwa mai tsanani ba, kwiɓinsa ya bugi ƙasa. Washegari fitsarinsa ya fito kamar zoɓo. Duk wanda ya tashi a bakin gulbi ya san fitsarin jini, don haka ya nufi kemis aka ba shi maganin tsargiya. Jinin ya ɗauke bayan 'yan kwanaki, ya ɗauka maganin ne ya yi aiki. Da abin ya dawo bayan wata huɗu, ba faɗuwa ba komai, sai ya lura da wani bambanci. Tsargiyar da ya yi yana yaro, jinin a ƙarshen fitsari yake ɗigowa. Wannan kuwa daga farko har ƙarshe ja ne, ga wani nauyi a kwiɓi.

Ni na raka shi Birnin Kebbi aka yi masa hoton ciki. Mai hoton ya shafa masa man nan mai sanyi, ya ɗora na'urar a kwiɓin dama, ya yi shiru. Ya koma na hagu, ya ƙara yin shiru. Sannan ya juyo mana da fuskar kwamfutar. Ban iya karanta irin wannan hoto ba, amma ko makaho ya shafa ya san ba daidai ba: baƙaƙen da'irori ne cunkus, manya da ƙanana, kamar ƙwan kifi idan an farka cikinsa, sai dai wasu sun kai girman lemun tsami. Ya auna tsawon ƙodar, ya ce ta wuce santimita 17. Tambayarsa ta farko ita ce, "Malam, a gidanku akwai wanda ya taɓa ciwon ƙoda?" Abokina ya ce ba a taɓa kiransa da wannan suna ba, amma Inna da Yaya duk kumburi ne ajalinsu. A ranar aka auna jininsa aka samu ya hau sosai, shi bai sani ba.

Likitoci na taƙaita sunan wannan ciwo da haruffa biyar, ADPKD. Ma'anarsa ciwon ƙoda mai tarin ƙullutun ruwa, wanda ake gada ko da daga mahaifi ɗaya ne. Shi ne ciwon ƙoda na gado da ya fi yawa a duniya. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne mutum 1 cikin 400 zuwa 1,000, kuma bai bar wata ƙabila ba, bai zaɓi maza ya bar mata ba.

Kafin a gane ɓarnar sai an san aikin. Ƙodar mai lafiya ba ta wuce dunƙulen hannu ba, santimita 10 zuwa 12, nauyinta kamar giram 150. A cikin kowace akwai 'yan matatai kusan miliyan ɗaya, kowace da siririn bututunta. A yini guda suna tace ruwa kimanin lita 180 daga jini, wato jarka bakwai 'yan lita 25 har da ɗoriya, sannan bututan su mayar wa jiki kusan dukansa, abin da ya rage, lita ɗaya da rabi ko biyu, ya fita a fitsari. A jikin mai wannan ciwo, bangon wasu bututan ne ke tasowa kamar yadda tsohuwar tayar keke ke yin ƙari. Tsiron ya girma, ya tsinke daga bututun, ya zama jaka mai zaman kanta. Ƙwayoyin da ke bangon jakar su yi ta hayayyafa, suna kuma tsiyayo ruwa cikinta, ba ƙofar fita. Abin mamaki, bututan da ke yin haka ba su da yawa, 'yan kaɗan ne cikin ɗari. Sauran lafiyarsu ƙalau, matse su ake yi. Kamar ɗakin da ake ta cusa buhunan shinkafa ne shekara da shekaru, har mai ɗakin ya rasa inda zai shimfiɗa tabarma. Ƙodar da ya kamata ta tsaya a giram 150 tana iya kai kilo da yawa, ta cika ciki, mutum ya ci loma uku ya ji ya ƙoshi.

A nan ne ciwon ke yaudarar mutane, har da wasu ma'aikatan lafiya. Matatan da suka rage suna ƙara himma su rufe gurbin waɗanda aka danne, saboda haka gwajin jinin da ake duba aikin ƙoda da shi yana iya fitowa lafiya lau tsawon shekara 30 ko 40, alhali ƙodar na ta kumbura. Binciken da aka yi a Amurka, inda aka riƙa auna ƙodojin masu ciwon shekara bayan shekara, ya nuna girmansu na ƙaruwa da kimanin kashi 5 cikin 100 duk shekara. Kashi 5 kamar ba komai ba, amma ƙari ne a kan ƙari, cikin shekara 14 ƙodar ta ninka. Ranar da gwajin jini ya fara nuna matsala, an riga an yi nisa. Kusan rabin masu ciwon ƙodarsu kan gaza kafin su cika shekara 60.

Yanzu ga maganar gado, wadda ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Mutanenmu sun fara fahimtar lissafin sikila, tun da yanzu da wuya a ɗaura aure a birni ba a nemi takardar gwaji ba. Kowa ya haddace cewa AS da AS su ne matsala, AS da AA kuwa ba komai. Wannan haddar ce ke rikita mutum idan ya zo kan ciwon da muke magana. A sikila sai uwa da uba sun haɗu kowa ya ba da gurɓatacciyar ƙwayar gado, kuma mai ɗauke da guda ɗaya lafiyarsa ƙalau. A nan kuwa guda ɗaya ta isa. Kowane mutum yana da ƙwayar biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Mai ciwon yana da mai kyau da marar kyau, kuma duk cikin da aka ɗauka, ɗaya daga cikinsu ce za ta wuce ga ɗan. Rabi da rabi ke nan, kamar jefa kwabo sama. Kuma kowane ciki da nasa jifan. Kada wanda ya haifi goma ya ce lallai biyar ne za su samu. Ana iya samun uku, ana iya samun takwas. Babu kuma wata mace ko wani namiji da za a aura a kauce wa wannan rabin, kamar yadda mai AS ke kaucewa da auren AA. Gwajin sikila ma ba ya ganin sa sam.

Ɗaya gefen lissafin kuma yana da daɗi. Ɗan da bai gaji ƙwayar ba ya fita, shi da zuriyarsa baki ɗaya. Ciwon ba ya ɓuya a jikin mai lafiya ya tsallaka zuwa jika. Idan an ga kamar ya tsallake wani, yawanci wancan ya rasu ne da wuri ta wani dalili, ko nasa mai sauƙi ne ba a taɓa dubawa ba. Akwai kuma kamar mutum 1 cikin 10 na masu ciwon da a jikinsu ƙwayar ta fara gurɓacewa, iyayensu ba su da shi, amma su za su iya gadar wa 'ya'yansu.

Ka ɗora wannan a kan gidan mai mata biyu ko uku, ka ga abin da zai fito. Idan maigida ne mai ciwon, zai bi kowane ɗaki, sai a ce abin gidan ne, ko a ce wani abokin hamayya ne a kasuwa. Idan kuwa ɗaya daga cikin matan ce, to 'ya'yanta kaɗai zai riƙa ɗauka, ɗaya bayan ɗaya, a kusan shekaru iri ɗaya, da alamomi iri ɗaya, 'yan ubansu na kallo. Ban san wani abu da ya fi wannan kama da sammu a idon wanda bai san lissafin ba. Shi ya sa ba na saurin ganin wautar tsohuwar nan ta gidan makoki. Ta lura da abin da ke faruwa daidai, ta ga ciwo na bin jinin mace ɗaya. Fassarar ce ta kuskure, kuma wata baiwar Allah ce ta ɗauki nauyin kuskuren.

Turawa ma sun daɗe cikin duhu a kansa. Sarkin Foland, Stefan Batory, ya mutu a 1586 yana da shekara 53, waɗanda suka buɗe gawarsa suka rubuta cewa ƙodojinsa manya ne ƙwarai masu gudaje-gudaje, kuma masana tarihin likitanci na ganin wannan ciwon ne. Sai a 1957 wani likita ɗan Denmak mai suna Dalgaard ya bi sawun marasa lafiya 284 da danginsu ya tabbatar da yadda ake gadonsa. A 1985 aka gano cewa matsalar na kan kuromosom na 16 (kuromosom shi ne ƙunshin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado), a 1994 aka kama ƙwayar kanta aka sa mata suna PKD1, a 1996 aka samo ta biyu, PKD2, a kan kuromosom na 4. Bambancinsu ba ƙarami ba ne. PKD1 ita ce a jikin kusan 8 cikin 10 na masu ciwon, kuma ita ce mai zafi, ƙoda kan gaza a tsakiyar shekaru 50. Masu PKD2 sukan kai 70 da wani abu, da yawansu ma har su koma ga Allah ƙodar ba ta gaza ba. Don haka shekarun da iyaye da kakanni suka kai kafin ciwon ya kayar da su labari ne da likita ke buƙata. Duk da haka wa da ƙane na iya bambanta. Bayanin da masana suka fi karɓa shi ne ƙwayar mai kyau tana riƙe da ragama, sai a inda ita ma ta samu rauni a tsawon rayuwa ƙullutu ke tsirowa, kuma wannan ba ya zuwa wa kowa daidai.

Wata tambaya da ake yawan yi ita ce ko auren zumunci ne ke kawo shi. Ba shi ba ne. Akwai wani ciwon mai kama da shi da ke kama jarirai, kamar 1 cikin haihuwa 20,000, wanda shi lissafinsa irin na sikila ne, kuma auren dangi na ƙara yiwuwarsa. Na manya bai buƙatar haka. Sai dai a dangin da ciwon ke ciki, idan aka haɗa ɗan wa da 'yar ƙane alhali dukansu sun gada, haɗarin 'ya'yansu ya haura rabi.

Alamar farko ba ciwo ba ce, hawan jini ne, kuma yakan zo da wuri, wajen shekara 30, tun ƙoda na aikinta. Saurayi ko budurwa mai hawan jini, a gidan da aka taɓa rasa wani da kumburi, hoton ciki ya kamace shi. Sauran alamomin su ne ciwon kwiɓi ko baya, fitsarin jini idan ƙullutu ya fashe, zazzaɓi idan ƙwayar cuta ta shiga ɗaya daga cikinsu, tsakuwar ƙoda, da yawan tashi fitsari da dare. Ciwon bai tsaya a ƙoda ba. Mafi yawan masu shi suna samun irin ƙullutun a hanta, ya fi girma a jikin mata, musamman masu haihuwa da yawa, amma hantar takan ci gaba da aikinta. Wanda ya fi ban tsoro shi ne kumburin jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, da ake samu a jikin kamar 1 cikin 10. Yawanci ba ya fashewa. Amma mai wannan ciwo da ciwon kai ya sara masa farat ɗaya, irin wanda bai taɓa ji ba, ba mai jiran gari ya waye ba ne. In kuma a danginsa an taɓa samun wanda ya yanke jiki ya faɗi ta wannan hanya, ya gaya wa likita.

Sai a yi hattara da tsoron banza. Ƙullutu ɗaya ko biyu a ƙodar dattijo abu ne da aka saba gani, tsufa ne kawai. Ga wanda ciwon ke danginsa akwai ma'aunin da likitoci ke bi tun 2009: daga shekara 15 zuwa 39, ƙullutu 3 ko fiye a ƙodojin biyu in an haɗa, daga 40 zuwa 59, aƙalla 2 a kowace, daga 60 zuwa sama, aƙalla 4 a kowace. Wanda ya haura 40 aka duba ba a ga komai ba, ya kwantar da hankalinsa. Ɗan shekara 20 da hotonsa ya fito fes bai gama tsira ba, sai an sake dubawa gaba. Yara ƙanana kuwa ba a gaggawar yi musu hoto in ba su da wata alama, awon jini lokaci-lokaci ya fi muhimmanci.

Babu maganin da ke warkar da shi, kuma duk mai lasifika a kasuwar Jega ko ta Kamba da ya ce yana da garin da ke wanke ƙoda tas, kuɗinka yake so. Abin da ake iyawa shi ne jan lokaci, kuma jan lokaci a nan na iya zama shekaru na aiki da renon 'ya'ya. Babban makamin shi ne riƙe hawan jini. Wani gwaji da aka buga sakamakonsa a 2014 ya nuna matasan da aka sauke jininsu ƙasa da 110 bisa 75 ƙodarsu ta rage saurin girma. Magungunan da aka fi farawa da su, irin su lisinopril da losartan, ana samunsu, amma ba a shansu da juna biyu, don haka mace mai niyyar ɗaukar ciki ta fara ganin likita, ta kuma riƙe awo da gaske, domin hawan jinin masu ciki ya fi kama irinsu.

Gishiri shi ne na biyu. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce ƙasa da giram 5 a yini, kamar ƙaramin cokalin shayi, kuma a lissafa har da dunƙulen magi da na cikin yaji da kilishi. Abokina ya ce wannan ya fi masa wuya fiye da haɗiyar ƙwaya, domin sai da maiɗakinsa ta koma raba tukunya. Na uku, maganin ciwon jiki. Diclofenac da ibuprofen da haɗin nan da ake ƙulla wa manoma a leda bayan an taso daga fadama, duk suna cutar da ƙodar da ta riga ta wahala. Haka jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba. Dambe da kokawa kuwa, mai manyan ƙodoji ya bar wa wasu, ya koma ɗan kallo.

Maganar ruwa tana da ɗan sarƙaƙiya. Idan jiki ya ji ƙishirwa, ƙwaƙwalwa na sakin wani sinadari da ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa, kuma wannan sinadarin yana zuga ƙullutun su girma. A kan haka aka gina maganin tolvaptan, wanda ke toshe umarnin. A gwajin da aka buga a 2012 kan mutum 1,445, girman ƙodar masu shansa ya ƙaru da kashi 2.8 a shekara, na waɗanda ba su sha ba 5.5. Jafan ta amince da shi a 2014, Turai a 2015, Amurka a 2018. Yana da tsada ƙwarai, yana sa fitsari mai yawan gaske da ƙishirwa, kuma dole a riƙa gwada hanta, ga shi masu saurin lalacewar ƙoda kawai ake ba. Shin shan ruwa da yawa zai yi aikinsa a kyauta? An gwada a Ostireliya tsawon shekara 3, ba a ga bambanci a girman ƙodar ba. Amma su ba a zafin Afrilu na Birnin Kebbi suke ba, inda ake haura digiri 40. A wurinmu barin jiki ya bushe haɗari ne a kan kansa, ga tsakuwa. Lita 2 zuwa 3 a yini, ledar fiya wata huɗu zuwa shida, ita ce shawarar da aka saba bayarwa muddin ƙodar na aiki. Idan ta fara gazawa lissafin ya canza, likita ne zai faɗi adadin. Azumi ma haka: wanda aikin ƙodarsa ya ragu ya tambayi likita kafin watan ya kama, rangwamen marar lafiya yana nan a cikin Suratul Baƙara.

In ƙoda ta gaza, saura wanki ko dashe. Wankin ƙoda yadda ya kamata sau uku ne a mako, kowane zama kamar awa huɗu, kuma kowa ya san gonaki da shanu nawa ya cinye a ƙasar nan. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin zama ɗaya daga kusan naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta, amma mutumin ƙauye yana da kuɗin mota da na masauki a kai. Dashe ya fi, kuma ciwon ba ya komawa cikin sabuwar ƙodar, tun da ba ta ɗauke da gurɓatacciyar ƙwayar. An fara dashen ƙoda a Najeriya a asibitin St. Nicholas na Legas a 2000, asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano ya biyo baya a 2002. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta haramta sayar da sassan jiki, don haka ido kan koma ga dangi. A nan gadon ke sake tare hanya: ɗan'uwan da ya fi kowa son bayarwa, wataƙila shi ma yana ɗauke da ciwon. Dole a tantance shi sosai, musamman in bai kai 40 ba.

Game da aure, ra'ayina shi ne a faɗa. Na san al'adarmu ta a bar kaza cikin gashinta, na kuma san tsoron kada a guji 'ya'yan gida. Amma mai wannan ciwo yana iya yin shekara 30 ko 40 yana noma, yana koyarwa, yana haihuwa, kuma matar da ta sani ita ce za ta rage gishiri, ta kai yara awon jini. Wadda aka ɓoye wa, ranar da ta gane, ba ciwon ne zai fi yi mata zafi ba.

Abokina ya tara 'yan ɗakinsu da suka rage ya yi musu bayani. Yayarsa mai shekara 46 ta je aka duba, ƙodojinta fes, ta fito tana kuka, ta ce duk shekarun nan jiran nata layin take yi. Wansa mai 43 an samu ƙullutun a duka biyun, yanzu na'urar awon jini ɗaya suke karɓa-karɓa da ita. Ɗaya ƙanwar mahaifiyarsu ta ce ita ba ta zuwa, abin da Allah ya rubuta ba hoto ke kankare shi ba, aka ƙyale ta. Daga baya ya ɗauki takardar hoton ya kai wa babban ɗan amarya, wanda rabon da su zauna a tabarma ɗaya tun rasuwar Yaya. Ya karanta, ya sa aka sake yi masa bayanin rabi da rabin, ya naɗe takardar ya miƙa masa. Mahaifiyarsa, wato amaryar, ta rasu shekara biyu kafin a yi hoton.